Mai bashin banki a kansa, ya ajiye kuɗi ko ya fara biya?

Malam Sani: Maganar da aka kawo ita ce: wanda banki ke bi bashi kada ya ajiye ko dala sai ya gama biya. Ni na yarda da ita, lissafi ne ya sa. A ce dekuber ɗinka, wato izinin da banki ke ba ka na cire fiye da abin da ke asusunka, jikka 300 ne, ruwansa 12% a shekara. Kowane wata jikka 3 na tafiya a ajiyo, wato ruwan da banki ke cira, kawai. In kana da wata jikka 300 kwance a asusun ajiya, ribar da dokar babban bankin BCEAO ta tanada 3,5% ce a shekara, wato sefa 875 a wata. Sama da jikka 2 ke nan kake asara duk wata don ka ga lamba a karne.

Hajiya Rabi: Malam, lissafinka daidai ne, amma gidan da ba a ciwo ka lissafa. Mutum ya zuba duk abin hannunsa a bashi, tsakar damina zazzaɓi ya kama yara biyu, ga ordonans, ga gwajin jini. Ina zai nufa? Dekuber ɗin zai koma, ko wajen mai ba da kuɗi da ruwa a unguwa wanda doka ba ta san da shi ba. A fara tara abin ko-ta-kwana, ko da cefanen wata guda ne, sannan a fuskanci bashin.

Malam Sani: In dekuber ne ko katin bashi, Hajiya, abin da aka biya yana nan a buɗe, ana iya sake zara. Shi ne ko-ta-kwanan.

Hajiya Rabi: Sai dai izinin na banki ne. Yana da wa'adi, kuma in albashi ya yi jinkiri ba dole ne a sabunta ba. Ranar da ka fi bukata ita ce ranar da za a iya ce maka babu.

Mamman: Ku yi haƙuri yayyena, bashi iri uku kuka haɗa a tukunya ɗaya. Da farko, yawancin katunan da ke aljihun mutane a Damagaram na cirar kuɗinka ne, ba katin bashi irin na Amurka ba. Abin da ya yi kama da shi a nan shi ne dekuber: ruwa na hawa kullum a kan abin da ya rage, saboda haka duk jikkar da ka mayar yau ta daina haihuwa yau. Wannan a kashe shi da wuri, babu gardama.

Kredin da ake cira daga albashi dabam ne. Miliyan ɗaya a 12% na wata 36, biyan wata kusan sefa 33 200 ne. Watan farko jikka 10 daga ciki ruwa ne, watan ƙarshe bai kai sefa 350 ba. Ruwan gaba ɗaya kusan jikka 196, amma bayan wata 24 abin da ya rage nasa jikka 25 ne kacal. Wanda ya sayar da tunkiya mai ciki don ya rufe kredi a shekarar ƙarshe bai tsira da abin kirki ba, musamman in kwantaraginsa ya sa tara a kan biya kafin lokaci. A nemi takardar jadawalin biya a banki, a duba layin da aka kai, a karanta sharaɗin tarar kafin a motsa.

Na uku shi ne na wasu asusun bashi da ke lissafa ruwa a kan uwar kuɗin farko har ƙarshe. Za a ce maka 1% a wata, ka ci jikka 100 ka biya 112 cikin shekara. Da yake kana rage uwar kuɗin kowane wata, ainihin ruwan ya haura 21%. Abin tambaya shi ne TEG, wato jimillar tsadar bashin a shekara, wanda ya haɗa ruwa da kuɗin dosiye da inshorar dole. A 2014 an sa iyakarsa 15% ga bankuna, 24% ga ƙananan asusun bashi.

Malam Sani: To ai ka ƙarfafa ni. A jera su, mai tsadar ruwa a gaba, sauran a biya musu ƙa'ida.

Liman Habu: A nan ne ban bi ka ba, Malam Sani. Jerin nan yana jefa mai shagon unguwa da ɗan'uwan da ya ranta maka a ƙarshen layi, don kawai ba su sa ruwa ba. Hadisi ya tabbata cewa jinkirin mai hali zalunci ne. Mai shagon da ya ba ka shinkafa da mai, jarinsa ne a cikinka. Fita daga riba da gaggawa wajibi ne, na yarda, amma a je a same shi, a yanka masa abin da zai riƙa samu duk wata, a cika alkawari. Ajiya a banki alhali maƙwabci na jiran jikka 20 ɗinsa ba ta da kyau.

Hajiya Rabi: Allah ya saka, Liman. Kuma ajiya ba sai a banki ba. Buhun hatsi da aka saya da kaka ajiya ce, domin galibi tiya na tashi daga Yuni zuwa Agusta. Ban ce a ci bashi a tara don sayarwa ba, akwai shekarun da farashi ba ya tashi, ga ƙwari in ɗakin ba shi da kyau. Abincin gida nake nufi. Maigidan da ya zuba kuɗin hatsin Nuwamba a dekuber zai saye shi da tsada a Yuli, ribar jikka 2 ta Malam ta tafi.

Mamman: Haka ragon layya da kayan lakwal na Oktoba. Ba gaggawa ba ne, ranarsu sananniya ce. A raba kuɗinsu kashi 12 a riƙa warewa, in ba haka ba kredin Tabaski na jiran mutum kowace shekara.

Malam Sani: Adashe fa? Mai dekuber ya zuba jikka 25 duk wata, kwasarsa ta goma, wata tara yana ranta wa mutane kyauta yana biyan banki ruwa.

Hajiya Rabi: Sai ya roƙi uwar adashe kwasa ta farko ko ta biyu, ya kai kuɗin banki ranar da ya karɓa, kada su kwana a gida. Abin da ke karya mutane shi ne shiga adashe biyu, ana cin bashi don zubin ɗaya. A ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka faro a Maraɗi a 1991, ana ware ƙaramin asusun taimako dabam da na zubi, kuma mace na biyan rancenta tana ci gaba da zubinta na mako.

Malam Sani: Na yarda da hatsi da cefanen wata guda. Abin da ya wuce haka, in dekuber na buɗe, ban yarda ba.

Mamman: Wata guda ya ishi mai albashi tsayayye. Ɗan kabu-kabu ko mai tebur a kasuwar Dole, wanda samunsa ke tsayawa ranar da babur ya lalace ko ya kwanta ciwo, sai wata biyu zuwa uku. Kuma ranar da dekuber ya koma sifili a rubuta wa banki a rage izinin ko a rufe shi, sannan a sa umarnin cirar adadin da ake biyan dekuber da shi zuwa asusun ajiya washegarin shigar albashi.