Neman shawara: tayar da Peugeot 504 da ta daɗe a ajiye

Mai tambaya: Assalamu alaikum, masana. Akwai Peugeot 504 salun, haɗin Kaduna, mai injin fetur, da ta shekara sama da goma a garejin gida ba a tayar da ita ba. Ina so in gyara ta a nan gida, a hankali, gwargwadon aljihu. Injin ya ƙi juyawa, birki ya zurma ƙasa, ga tsatsa a ƙasan ƙofofi. Wasu sun ce in sa sabon batir in gwada, wasu sun ce in fara da fenti. Daga ina zan kama?

Makanike: Wa alaikumus salam. Malam, don Allah kada ka sa batir tukuna. Idan ringi ya manne da tsatsa ka tilasta shi da sitata, ringin zai karye ya karce silinda. Cire fulogai huɗun, ka zuba cokali biyu ko uku na man dizal a kowane rami, ka bar shi mako guda. Sannan ka kama notin fulin karanshaf da sifana ka riƙa motsawa kaɗan-kaɗan, gaba da baya. Ya ƙi, ƙara mai ka sake jira. Ya juya, zubar da tsohon baƙin mai, canja filta, ka zuba sabo, kimanin lita 4.

Tsohon fetur kuwa ya zama danƙo. A sauke tanki a wanke, a canja tiyon mai, a duba robar da ke cikin famfon mai domin tana bushewa ta tsage, a kwance kafireta a busa jet-jet ɗinta da iska. Kada a zura musu waya, ramin zai buɗe motar ta koma shan mai.

Wani makanike, ƙwararre a Peugeot: Duk abin da Oga ya faɗa haka yake. Zan ƙara inda aka fi yin asara a wannan injin. Mai cc 1971 ɗin nan silindojinsa silib ne da ake cirewa, ruwan lagireto na zagaye su kai tsaye, kuma kowanne yana zaune a kan siririn sil a gindinsa. Da zarar an ɗaga tof, kan injin ke nan, babu abin da ke danne su. Idan aka juya karanshaf a wannan hali, fiston zai turo silib sama, sil ɗin ya tashi, bayan an gama haɗawa sai a ga ruwa a cikin baƙin mai, ya yi fari kamar madara. Mutum ya yi ta canja gasket yana zargin jabu ne, alhali matsalar tana can ƙasa. Saboda haka ana ɗaga tof a danne silib da manyan washa da gajerun noti. Idan kuwa sun riga sun motsa, sai an fitar da su an sa sabon sil.

Shi tof ɗin alminiyom ne, zafi na lanƙwasa shi. A kai wa masu injin gogewa su auna kafin a mayar. Wajen ɗaurewa a fara daga tsakiya a fita waje, da sifana mai awon ƙarfi, a sake bi bayan tafiyar kimanin kilomita 1,000. Saitin bawul a yi shi injin na sanyi: na shigar mai 0.10, na fitar hayaƙi 0.25 na milimita. Gibin kwantak 0.40, na fulogi 0.6. Jerin wuta 1-3-4-2, amma a kula, a Peugeot silinda ta ɗaya tana wajen kuloci, ba wajen lagireto ba. Yaran gareji da suka saba da motocin Japan a nan suke rikita wayoyin fulogi.

Mai walda: Ni a ganina, Alhaji, kafin ka kashe ko naira ɗaya a injin, ɗaga kafet ka duba bodi. Ƙasan direba, gindin ƙofofi, inda shoki ke ɗaure a gaba, ƙasan but, da gefen gilashin gaba. Soka sukudireba, inda ya shige, a yanke a sa sabon ƙarfe. Cika wurin da fila ɓata kuɗi ne, damina ɗaya zai kumbura. Idan mazaunin shoki ya ruɓe, shi ne aikin farko. Kafin walda a cire tanki da kan batir. Fenti shi ne na ƙarshe, bayan an gama hawa da sauka da injin.

Makanike: Birki kuma ba a yi masa faci. Man birki na jan danshi, don haka masta da silindojin ƙafa sun ci tsatsa daga ciki. Sababbin robobi, sababbin tiyo, man DOT 4, a fitar da iska daga ƙafar da ta fi nisa da masta. Tayoyin ma a canja su ko da zanensu bai cinye ba. Kada ka shiga ƙarƙashinta a kan jek kaɗai, sai an kafa mata ƙafafun ƙarfe, kuma ranar tayarwa ƙofar gareji ta kasance a buɗe saboda hayaƙi.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Kayan fa, ana samunsu har yanzu?

Ƙwararren Peugeot: Ana samu. An daɗe ana haɗa ta a Kaduna kafin a daina, don haka kasuwar Panteka a Kaduna da ta Ƙofar Ruwa a Kano ba sa rasa kayanta. Ka tafi da tsohon a hannu a gwada, domin na fikof da na salun ba duka suke shiga juna ba. Ɗauki hoton kowane sashe kafin ka kwance, notinsa a leda ɗaya da rubutu a jiki. In injin ya juya, auna kwamfireshan na silinda huɗun ka kawo mana lambobin, mu ga ko sai an buɗe shi.