Fim kan taɓin hankali: yaya za mu nuna abin da jarumar ke tunawa na yarinta?

Ɗan Zango

Assalamu alaikum ƴan uwa. Muna shirin ɗaukar fim a nan Damagaram, tsawonsa minti 90. Labarin wata mata ce mai shekara 32, tana zaune a Sabon Gari da mijinta da ƴaƴa biyu. Tana da shekara 7 gobara ta tashi a gidansu cikin Birni, ƙaninta ya rasu, ita kuwa take ganin ita ce sila domin ita aka aika ta kai fitila ɗaki. Da ta haifi ɗa namiji sai abin ya taso mata: ba barci, ba ta shiga madafa, dangi na cewa iska ce.

Marubucinmu ya sa waiwaye 7, wato fitowar da ke komawa yarintarta, kowanne minti 3, baƙi da fari. A na ƙarshe ta tuna komai, ta fashe da kuka, ta warke. Wace cuta ce ta dace da wannan hali, kuma yaya mai ita yake a zahiri? Sannan yaya za a ɗauki waiwayen? Kamara ɗaya gare mu, fitilu biyu, kwana 18.

Hajiya Mai Jinya

Wa alaikumus salam ƙanena. Abin da ka bayyana shi ne ciwon da ke biyo bayan mummunar firgita, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da PTSD. Ba a kiransa ciwo sai alamun sun wuce wata guda suna hana mutum harkokinsa, kuma yana iya kwantawa shekaru sannan wani abu ya tayar da shi. Haihuwar namiji mai kama da ƙanin dalili ne mai kyau, marubucin ya dace a nan.

Sai dai ku kula kada ku haɗa shi da ruɗewar jego. Wannan daban take: tana farawa cikin mako biyu na farko bayan haihuwa, tana samun mace 1 zuwa 2 cikin 1000, mai ita na iya jin muryoyi ko ta ce jaririn ba nata ba ne, kuma asibiti ake kai ta nan take. Ku zaɓi ɗaya. In kun haɗa, duk mai aikin jinya da ya kalla zai gane an yi kwaɗo.

Jarumarku ba za ta yaga tufafi ba, ba za ta tsinci leda a kasuwar Dole ba, ba za ta yi ta dariya ita kaɗai ba. Tana gaida mutane, tana sallah, tana yi wa yara wanka. Ciwon a ƙananan abubuwa yake. Tana tashi sau uku cikin dare ta taɓa murhu ta ji ko ya huce. Tana ɓoye ashana a ƙasan akwati. Da faɗuwar murfin tukunya sai ta zabura fiye da kima, ta yi wa ƴarta tsawa, daga baya ta zauna tana jin kunyar kanta. Biki take gujewa saboda hayaƙin girki, a ce mata girman kai. Mafarki ɗaya ke maimaita kansa, don haka tsoron kwanciya take.

Waiwaye na minti 3 ya yi tsawo ƙwarai. Mai wannan ciwo ba zama take ta tuna labari daga farko zuwa ƙarshe ba. Abin faɗo mata yake kamar yanzu yake faruwa, kuma jiki ke fara amsawa: zuciya ta buga, gumi ya karyo, numfashi ya sarƙe. Sau da yawa wari ne ko ƙara ke jawo shi, kamar warin kananzir.

Ƙarshen kuma don Allah ku sake shi. Tunawa da kuka ba sa warkar da kowa a dare ɗaya, kuma wanda ke da mara lafiya a gida zai kalla ya ce wa nasa "ke ma yi kuka ki huta". Maganin da aka fi dogara da shi zama ne da masanin halayyar ɗan Adam, galibi zama 8 zuwa 12, ana komawa kan abin a hankali. In an ba da ƙwaya irin fluoxetine, sai ta yi mako 2 zuwa 6 kafin a ga amfaninta, kuma ba a yanke ta kwatsam. Allurar da ake yi wa mutum a fim ya sulale nan take, wato irin haloperidol, ba ta wannan ciwon ba ce.

Mai Kamara na Karkada

Malam Ɗan Zango, maganar Hajiya ta rage maka aiki. Waiwaye 7 na minti 3 minti 21 ke nan, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na fim ɗin, kuma duk a Birni da yara. Kwana 18 ba za su ɗauke shi ba. Ka mayar da su gutsattsari na daƙiƙa 2 zuwa 8, ka bar guda ɗaya kawai mai tsawo. Kwana 3 sun isa.

Baƙi da fari ka cire shi. Yana gaya wa mai kallo cewa abin ya wuce, alhali a wurin matar bai wuce ba. Ka bambanta zamanin biyu da tsayin kamara. Duk abin da ya shafi yarinta ka sauke ta zuwa mita 1 daga ƙasa, daidai idon yarinya mai shekara 7, da gilashin kamara mai ɗaukar faɗi kamar milimita 24. Manya su fito daga ƙugu zuwa ƙasa: gefen zane, hannu mai lalle, silifa. Zaure ya yi girma, lungu ya yi tsawo. Fitowar yanzu kuwa kamara a kan maɗorinta mai ƙafa uku, milimita 50, ba motsi.

Saiti: hoto 25 a daƙiƙa, shata (saurin buɗewa da rufewar idon kamara) 1/50, domin lantarkinmu 50 yake bugawa a daƙiƙa. In ka bar kamara a 30 da 1/60 kamar yadda wasu ke zuwa daga kanti, duk ɗakin da ke da dogon ƙwai zai riƙa walƙiya a hoto, kuma gyaransa wurin tacewa wahala ne. Ma'aunin farin haske ka sa shi da hannu, 5600 da rana, 3200 wurin fitila. A waje ka sa gilashin rage haske, in ba haka ba farin bango da sama za su ƙone.

Lokaci mafi kyau hunturu ne, Disamba zuwa Fabrairu. Hazo na tausasa rana, jan bangon Birni ya fito da kyau. Illarsa ƙura: kada a canza gilashi a fili, a shiga mota ko ɗaki, bakin kamara na kallon ƙasa. Afrilu da Mayu zafi na haura 40, ƙananan kamarori na kashe kansu a tsakiyar ɗauka.

Gobarar kuwa, kada wanda ya kunna wuta ta gaske a gidan azara da zana. Fitilar ɗauka ɗaya da jar leda ta fim a gabanta, mutum ɗaya na kaɗa kwali tsakaninta da bango, hayaƙi daga kasko a bayan kamara, bokitin yashi 2 a gefe. Hasken da ke rawa a fuskar yarinyar ya wadatar.

Ku duba kayan zamani kuma. In matar na da 32 yanzu, gobarar wajen shekarar 2000 ce. Ba farantin sola a rufi, ba wayar shafa, kuma takardun sefa na yanzu sai 2003 suka fito. Fitilar ƙwai, rediyo mai kaset, kwanon samira da ɗan garuwa a ƙofa, su za su kafa lokacin.

Malam na Jami'a

Na yarda da Mai Kamara sai a wuri ɗaya. Ya ce fitowar yanzu ba motsi. Ina ganin a daƙiƙun da ke gaban kowane waiwaye ya kamata kamarar ta fara sauka a hankali zuwa tsayin yarinya, tun matar na cikin madafarta ta Sabon Gari. Bayan sau biyu mai kallo zai koyi alamar, gabansa ya riƙa faɗuwa tare da nata.

Abin da ya fi damuna shi ne a rubutun an ɗauki tunawa kamar kaset, a mayar baya a ga gaskiya. Ƙwaƙwalwa sake gina abin take duk lokacin da aka tuno shi, tana cike giɓi da abin da aka ji daga baya. A 1995 Elizabeth Loftus da abokiyar aikinta a Amurka sun gaya wa mutane wani labarin ƙarya cewa sun taɓa ɓata a babban kanti suna yara, wai daga bakin danginsu, sai kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka ce sun tuna. Wannan taska ce ga marubucinku. A ɗauki fitowar kai fitila sau uku, kowacce da ɗan bambanci. A ta farko fitilar na hannunta. A ta biyu ta ajiye ta kusa da labule. A ta uku akwai hannun babba da ya karɓa. Kada fim ɗin ya rantse wacce ce gaskiya. Abin da ya tabbata shi ne wata magana da aka faɗa gabanta ranar zaman makoki, "wa ya aike ta da fitila", ta ɗauke ta shekara 25.

Maganar iska kuma, kada a mayar da uwar miji ko malamin ruƙiyya mugaye don likita ya fito gwarzo. A garin nan iyali kan fara da rubutu da addu'a, da niyya mai kyau, asibiti ya zo daga baya in abin ya ƙi. Tun 1954 Dokta Thomas Lambo a Aro ta Abeokuta ya zaunar da marasa lafiya a ƙauyuka tare da danginsu, yana aiki da masu maganin gargajiya. Malamin da zai ce a ci gaba da addu'a amma a je asibiti ya fi kusa da abin da ake buƙata. Abin da ya cancanci suka shi ne mari da duka.

Yarinyar da za ta fito kuma ba sai an gaya mata ƙaninta ya ƙone ba. A samu yardar iyaye a rubuce, uwarta na wurin, aiki kada ya wuce awa 3 zuwa 4. Umarni ya zama na jiki: tsaya nan, kalli hasken, ƙirga goma a ranki. Kururuwar manya a naɗe ta wata rana ba ta nan.

Ɗan Zango

Allah ya saka da alheri, Hajiya da malamai. Baƙi da fari mun janye. To in ba warkewa, da me za mu rufe? Kuma sauti fa, makirufo ɗaya ne.

Mai Kamara na Karkada

Ɗaya ya isa in yana kan sanda, santimita 40 zuwa 60 daga baki, ba a kan kamara ba. A saitin naɗar sauti ka zaɓi 48 kHz, ƙarar kada ta haura -12 a ma'aunin na'urar. Kowane wuri a yi shiru na minti 1 a naɗi iskar ɗakin, da ita ake ɗinke yanka. Janareto ya yi nisan mita 30 a bayan katanga, kuma a tsara ɗauka tsakanin kiran sallah, da sassafe kafin ƴan kabu-kabu su cika lungu. Ka naɗi ƙyastin ashana, ƙarar gilashin fitila da tafiyar silifa daban. Wurin tacewa sautin waiwaye ya riga hotonsa shigowa da daƙiƙa 1 zuwa 2, muryoyin yanzu kuma a dusashe su kamar daga bayan bango.

Hajiya Mai Jinya

Ku rufe da ƙaramin abu, ƙanena. Bayan zama na biyar ko na shida, ta tsaya a ƙofar madafa da ashana, hannu na rawa, ƴarta na riƙe da tukunya. Ta ƙyasta ta farko ta mutu. Ta biyu ta kama. Mijin na tsakar gida, ya gani, bai ce komai ba. Kafin ku ɗauka ku kai rubutun sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Damagaram wani ya karanta muku fitowar likita, domin a nan ake yawan sa wa likita maganar da ba ya faɗa. Kuma a cire kalmar mahaukaciya daga bakinsa. Maƙwabta na iya faɗa, shi a'a.