Lacca ko warware matsala: wanne ya fi wa ɗaliban harhaɗa magunguna?

Sabon Malami: Assalamu alaikum malamai. Aji ne na ɗalibai 120, ana son a sauya wani darasi daga lacca zuwa PBL, wato koyo ta hanyar warware matsala. Yaya ake tsara shi, kuma ta ina yake lalacewa?

Malama Mai Lura: Wa alaikumus salam, Malam. Tun da aka fara tsarin a Jami'ar McMaster ta Kanada a 1969, ƙaramin rukuni ne ginshiƙinsa. Mutum takwas zuwa goma, ka ga ajinka zai ci rukuni 12 aƙalla, kowanne da malami mai lura da ɗakin zama. Idan babu wannan, kada a fara.

Zama biyu ake yi. A na farko a miƙa musu labarin maras lafiya: dattijo yana shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, aka ba shi Flagyl saboda ciwon haƙori, bayan 'yan kwanaki dasashinsa ya fara zubar da jini, INR, wato awon daskarewar jini, ya haura 6 alhali 2 zuwa 3 ake nema. Su za su fitar da tambayoyinsu, su je su bincika, su dawo bayan kwana uku su bayyana yadda Flagyl ke hana hanta sarrafa warfarin har ya taru a jini. Inda ake ɓata shi: mai lura ya kasa haƙuri da shiru, ya karɓe magana. Shi ke nan, an koma lacca, sai dai ta mutum goma.

Malamin Lissafin Magani: Haka ne Malama, amma ban yarda a taɓa lissafi ba. Ƙa'idar Cockcroft-Gault, ta ƙiyasta aikin ƙoda, sai an rubuta ta a allo an maimaita. Mace mai shekara 65, kilo 60, kiriyatinin (sinadarin da ƙoda ke tacewa daga jini) 1.5 mg/dL: a cire 65 daga 140, a ninka da 60, a raba da 108 (wato 72 sau 1.5), a ninka da 0.85 tunda mace ce, ya ba da kusan 35 mL a minti. Kuskuren da aka saba: sakamakon kiriyatinin ya zo da µmol/L, ɗalibi ya manta bai raba da 88.4 don ya koma mg/dL ba. A rukuni, mutum ɗaya zai yi lissafin, sauran su kwafa.

Mai Duba Jarrabawa: Malam, ka duba jarrabawarku tukuna. Muddin tambayar ita ce "lissafo illoli biyar na warfarin", ɗalibai hadda za su yi, su riƙa zuwa rukuni don sa hannu kawai. Sa labarin maras lafiya a takardar, kuma a ba kowa makinsa daban, ba na rukuni ba.