Me ya sa ƙiba ke dawowa bayan mutum ya rame?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Mutum zai takura wa kansa wata uku, ya sauke kilo takwas ko goma, amma kafin shekara ta zagayo tumbin ya dawo, har da ƙari. Ina kitsen yake tafiya idan an rame, me kuma ke dawo da shi? Sannan ana cewa akwai kitse mai ƙone kitse. Da gaske ne?

'Yar Gwale:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kitsen jiki ƙwayoyi ne masu rai, kowace kamar 'yar salka da aka ɗura wa mai. Idan ka rame, salkar motsewa take yi, amma tana nan. Wani bincike na cibiyar Karolinska da ke Suwidin a 2008 ya nuna cewa yawan ƙwayoyin nan yana daidaita ne daga ƙuruciya zuwa balaga. Bayan an girma, kusan kashi 10 cikin 100 ke mutuwa duk shekara, jiki ya maye gurbinsu. Har waɗanda aka yi wa tiyatar rage ciki, adadin nasu bai sauka ba. Shi ya sa ƙibar yaro take damuna fiye da ta babba, ko da iyaye na murna ana cewa yaro ya yi ɓulɓul.

Man da ya fita daga salkar, jiki ne ke ƙone shi. A kilo 10, kusan kilo 8.4 ta huhu yake fita a numfashi, saura ruwa ne. Gumin da ake haɗawa ta ɗaure ciki da leda ruwa ne zalla, kofi biyu ya mayar da shi.

Mai dawo da ƙibar kuwa wani sinadari ne, leftin, wanda Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller a Amurka ya gano a 1994. Ƙwayar kitse ce ke sakinsa cikin jini, ya je ya shaida wa ƙwaƙwalwa yawan abin da ke rumbu. Da ƙwayoyin sun motse sai leftin ya faɗi, ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari aka shiga: ta buɗe ci, ta rage wutar da jiki ke ƙonawa. Yunwar nan ta gaske ce, kada a ce wa mutum kwaɗayi ne.

Malamin Kabuga:
Hajiya ta gama magana kan leftin, bari in ƙara lissafi. Kashi 60 zuwa 70 na kalorin (ma'aunin makamashin abinci) da muke ƙonawa kullum yana tafiya ne ko muna kwance. Kilo ɗaya na kitse kalori 4.5 kawai yake ci a yini, na tsoka 13, na hanta 200. Wanda ya horar da kansa da yunwa, tsoka ma tana zubewa tare da kitsen, ga jikin ya tsuke kashe kuɗinsa. Ranar da ya koma cin da ya saba, rarar ta fi ta da.

Kilo ɗaya na kitsen jiki kusan kalori 7,700 ne. Rage 500 a yini ya isa, wato kamar rabin kilo a mako da farko, daga baya ya yi sanyi. Ina za a samo 500 ɗin? Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne, a duba nawa ake kwarara wa gurasa ko ɗan wake. Robar lemo mai santilita 50 ta kai kalori 200. A bar lemon, a rage cokali biyu na mai, an kusa cika lissafin ba a taɓa tuwo ba.

A riƙe wake, ƙwai, kifi da nono, don wajen narkar da furotin jiki kan ƙone kashi 20 zuwa 30 na kalorinsa, na mai kuwa bai wuce 3 ba. Tafiyar sauri minti 150 a mako, da ɗaga nauyi sau biyu, ko da jarkar ruwa ce. Inda za a iya takawa, a ƙyale adaidaita sahu.

Ɗan Tarauni:
Kitse mai ƙone kitse gaskiya ne, Malam. Launinsa ruwan ƙasa, saboda cike yake da mitokondiriya, murhun ƙwayar halitta. Yana da furotin UCP1 da ke sa makamashi ya fita a matsayin zafi kai tsaye. Jarirai na da shi tsakanin allon kafaɗu, shi ke ɗumama su. A 2009 aka tabbatar manya ma suna da shi a wuya da saman ƙashin wuya, kuma sanyi ke tayar da shi. Sai dai kaɗan ne, yana raguwa da shekaru da ƙiba. Wankan ruwan sanyi da asubar hunturu ba zai sauke tumbi ba. A kuma guji ƙwayar rage ƙiba mai suna DNP da ake tallatawa a intanet: irin wannan aikin take yi ba linzami, zafin jiki ya yi ta hawa har ya kashe mutum.

'Yar Gwale:
Saura wurin da kitsen ya zauna. Na cinya da ɗuwawu bai kai na cikin ciki illa ba, don wanda ya naɗe hanji jininsa hanta yake zuba wa kai tsaye. Ƙwayar da ta cika fiye da kima takan rasa iska, kumburi ya shiga, insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, ya daina aiki yadda ya kamata, ciwon suga ya biyo baya. A ɗauki tef ɗin tela, a zagaya tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu bayan an saki numfashi. Namiji ya kai santimita 94, mace 80, to a tashi tsaye, a je a auna suga da hawan jini.

'Yan'uwana mata, don Allah a kiyayi sha-ka-fashe. Deksametazon da ake shan don a yi ƙiba yana tara kitse a fuska da ciki da doron wuya, ya sirantar da hannu da ƙafa, ya tayar da suga. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, jiki zai iya durƙushewa. Ta je asibiti likita ya riƙa rage mata a hankali.