Windows 11 ta ƙi tashi a mashinan siber ɗina, in saida ko in sa Linux?

Maisiber: Salamu alaikum ƴan'uwa. Ina da siber a Wadata nan Yamai, mashin 6, duka masu furosesa Core 2 Duo E8400, ram giga 4. Tunda tallafin Windows 10 ya ƙare 14 ga Oktoba 2025 na ce bari in gwada 11, na yi kile USB da Rufus, manhajar ɗora Windows a kile, na tsallake maganar TPM, guntun tsaron da 11 ke nema a mashin. Fitowar 11 ta 23H2 ta hau lafiya lau a ɗaya, amma da na sa wadda ta biyo ta, 24H2, a ta biyu sai tambarin Windows ya fito ya tsaya cak, mashin ya mutu ya sake tashi, haka dai har na gaji na zare waya. Jika 150 na sefa ke hannuna. In saida su in sayi uku masu dama ko in sa Linux, wani sistem a madadin Windows? Aikinmu buga takardu ne da cike fom na ƴan makaranta.

Ɗan Tawa: Kunna TPM a biyos, shikenan.

Maigyara: Ɗan Tawa ya ce ya tsallake TPM ai. Furosesa ce matsalar. Daga 24H2 kanel ɗin Windows, wato zuciyar sistem, yana aiki da umarnin POPCNT da SSE4.2, Core 2 Duo kuwa ba ta san su ba, E8400 a SSE4.1 ta tsaya. Intel sai a Core i na farko, 2008, suka sa su. TPM bincike ne a bakin ƙofa shi ya sa Rufus ke iya wucewa, wannan kuwa kamar ka yi wa mutum Zabarmanci ne bai ji. Buɗe CPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan furosesa, ka gani da idonka.

Hajiyar Fotokofi: Wayyo da na ji wannan bara. Tawa haka ta yi, na kai wa wani yaro mai gyara ya ce disk ne na biya jika 18, ya ce ram ce na ƙara 7, daga baya ya fomate komai bai ko tambaye ni ba, alhali memuwar, wato kundin kammala karatu, na ɗalibai uku na jami'a na ciki. Ɗaya ta zo, saura kwana biyar ta kare aikinta, ta zauna bisa benci tana kuka. Kwana uku muka yi muna sake bugawa daga hotunan waya. Har yau in na wuce shagonsa sai ya ɓoye bayan kwalaye.

Ɗan Tawa: Allah ya isar miki Hajiya. Ya maida kuɗin?

Hajiyar Fotokofi: Ina! Cewa ya yi disk ɗin ai sabo ne in riƙe.

Bako227: Mashin mai furosesa i5 okaziyon jika 45 a kasuwar Katako, na gani jiya.

Maigyara: 45 ba ekaran ba ram ƙila. Ƙasa da 70 ban taɓa samu ba. Kuma Maisiber, Linux Mint za ta hau E8400 ba gardama, amma kar wani ya ba ka AlmaLinux 9 ko Rocky 9, su ma x86-64-v2 suke so, wato furosesa mai POPCNT da SSE4.2 ɗin nan, kanel zai yi fanik ya tsaya cak tun wurin tashi.

Bako227: Malam kai dai mai gyara ne, ku ne Hajiya ke kuka da ku 😂

Maigyara: Shekara 14 ina wannan aiki yaro, lokacin kana wasan langa. Ba kowa da turnabis ba ne mai gyara.

Ɗan Tawa: Linux a siber? Kwastoma ya zo neman Word ka ce masa LibreOffice da ke madadinsa a Linux, CV ɗinsa ya watse, wa zai biya takardar?

Hajiyar Fotokofi: Ni dai ko me za ka saya fara da ondiler, na'urar batir mai riƙe mashin in wuta ta ɗauke. Lokacin zafi wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi ta ƙona min firinta, ina tsaye ina jin ƙaurin.

Bako227: Mu a unguwar Talladje daren jiya sau huɗu aka ɗauke wuta. Batirin ondiler nawa yanzu?

Maisiber: Jama'a to ni fa, in saida?