Neman kalma: me za mu kira "dabul taim" a busar saksofon?

Mai Busa, Aboabo:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman agajinku kafin Juma'a. Yara tara nake koya wa busa saksofon duk Asabar a nan Kumasi ta Ghana, kuma na koma rubuta musu darasi da Hausa, don na lura abin da na faɗa da Turanci a kunne yake tsayawa, ba ya sauka yatsu. Ranar Juma'a zan kai takardar makon nan wurin mai bugawa, amma kalma ɗaya ta tsaya min a wuya: abin da 'yan jaz, wani salon kiɗan Amurka, ke kira dabul taim.

Ga yadda yake. Kiɗa na tafiya bugu huɗu-huɗu. Mai busa yakan zuba sauti 2 a kan kowane bugu, 8 ke nan a zagaye ɗaya. Can tsakiyar busa sai ya koma zuba 4 a kan kowane bugu, su zama 16. Mai ganga bai ƙara sauri ba, mai piyano bai matsa ba, waƙar ba ta gajarce ba. Duk wanda ya saurari Charlie Parker, shahararren mai busa saksofon na jaz, a kiɗa mai sanyi ya san abin, kamar an ɓalle bakin famfo sannan a mayar.

Asabar da ta wuce na ce musu "sauri biyu". Ƙaramin cikinsu ina kallon silifas ɗinsa a kan siminti, da jin kalmar sauri sai ƙafar ta fara gudu, ya ja sauran duka. Kalmar da nake nema ita ce wadda za ta gaya wa yaro yatsu su ninka, ƙafa ta zauna inda take.

Ɗan Asawase:
Wa alaikumus salam. Malam, ka ce dabul kawai. Kowane yaro a Zango ya san dabul.

'Yar Nima:
Sassarfa fa, Yaya? Ba tafiya ba, ba gudu ba, taku ƙanana a jere. Dubi yaro riƙe da hannun babansa za su masallaci: uba taku ɗaya, yaro biyu, kuma tare za su isa.

Tsohon Makaɗi, Sabon Zango:
Ɗana, kalmarka tana tsakar gida, ba sai an je nesa ba. Lugude. Mata biyu turmi ɗaya, wannan ta ɗaga taɓarya waccan ta sauke. Kowacce a kan dakanta take, babu wadda ta ƙara sauri, amma wanda ke waje zai ji dukan ya ninka. In ɗaya ta yi gaggawa taɓare su haɗu, hatsi ya watse. Shekara arba'in ina kaɗa kalangu, abin da kake bayani shi muke yi in biki ya yi zafi. Yaron da ya taɓa zama kusa da turmi ba sai ka yi masa dogon bayani ba.

Malamin Hausa, Ankara:
Da farko dai "dabul" ba Hausa ba ce, kuma abin takaici ne a ce ita ta fara fitowa. Muna da ninki, muna da riɓi, muna da ruɓanya. Lugude kuwa, Baba, da girmanka, daka ne da duka, ba ya shiga busa. Yau in ka ce lugude, luguden wuta ake ji a labarai. Ga kuma luguden leɓe, wato surutun banza. Ka ce wa yaro mai abin busa a baki ya yi lugude, dariya za a yi a ajin. Sassarfa ma ba ta yi ba, mai sassarfa yana riga mai tafiya isa, to an koma gidan jiya. Ni "ninkin sauti" na gani.

Amma gaskiya matsalar ta fi kalma ɗaya. Hausar nan ta Ghana da ake ce wa mace "shi ya zo" sai an fara gyara tushenta kafin a hau ƙirƙirar kalmomi.

'Yar Nima:
Malam, a nan kam ka taka mu. Kakanninmu da ƙafa suka kawo Hausar nan ta hanyar Gwanja, da jakuna da huhun goro, ta zauna tsakanin Dagomba da Asante da Ga ba ta mutu ba. Alhaji Umaru a Salaga da Karaci ya zauna ya rubuta waƙoƙinsa na Hausa da Larabci, har yau masana na karanta su.

Malamin Hausa, Ankara:
Alhaji Umaru a Kano aka haife shi, Hajiya.

'Yar Nima:
A Karaci ya rasu, 1934, a nan kabarinsa yake, a nan almajiransa suka bazu. Kuma ni ban ga Kano ta aiko mana da sunan saksofon ba balle na dabul taim. Wanda ke da yara a gabansa ranar Asabar shi zai yi kalmar.

Ɗan Asawase:
Mota, tebur, asibiti, kwamfuta duk Hausa ce, sai dabul ce haram? Ni wannan ne ban gane ba.

Malamin Hausa, Ankara:
Ana aro ne in babu. Ba mu da mota sai aka kawo. Ninki kuwa muna da shi tun kafin Bature.

Wani Ɗan'uwa, Mamobi:
Ni tambayata daban. Me ya kai yaranmu kiɗan Amurka? Ga algaita ga sarewa sun rasa magada.

Tsohon Makaɗi, Sabon Zango:
Jaz ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Louis Armstrong, shahararren mai busa ƙahon jaz na Amurka, ya sauka Ankara, babban birnin Ghana, a 1956, tun kafin 'yancin kai, ya yi busa tare da E.T. Mensah, wanda shi kansa ƙaho da saksofon yake busawa. Guy Warren ɗan Ankara ne, ya ɗauki gangunanmu ya kai wa 'yan jaz har Amurka. Yaron da ya iya riƙe numfashi a saksofon algaita ba za ta gagare shi ba. Mu koma kan lugude. Malam ya ce duka ne, to yatsun mai saksofon me suke yi a kan maɓallan in ba duka ba? Hannun hagu a sama, na dama a ƙasa, suna karɓeɓeniya. Don 'yan jarida sun kai kalma fagen yaƙi ba za mu bar musu ita ba.

Mai Busa, Aboabo:
Don Allah a yi haƙuri da juna, Laraba ce yau. Bari in faɗi yadda nake koyarwa, wataƙila ya taimaka wajen zaɓe. Nakan sa na'urar ƙirga bugu a kan 60, wato bugu 60 a minti ɗaya. Yaro ya busa sauti 2 a kan bugu har ya zauna daram. Sannan a bugu na huɗu kaɗai ya zuba 4, ya sauka a kan bugu na ɗaya da sautin da ya dace da abin da piyano ke riƙe. Saukar ita ce komai. Da yawa sun iya tashi, wurin sauka suke ɓata. In bugu ɗaya ya samu sai mu yi biyu, sai zagaye guda. Harshe ba ya taɓa kowane sauti, iska ɗaya ce ke ɗauke da su, yatsu kuma ba sa ɗagawa nesa da maɓalli. Rangajin nan na jaz, dogo-gajere dogo-gajere, yana miƙewa in an ninka, sautukan su kusa zama daidai da juna. Sauti 4 a kan 60 daidai yake da 2 a kan 120 a wurin yatsu, amma a wurin kunne ba ɗaya ba ne, domin ƙafa na nan a 60.

Jiya da yamma na gwada lugude a kan babban ɗalibina. Ya yi murmushi, amma ya gane nan take, ƙafarsa ba ta motsa daga wurinta ba. Sai dai da na rubuta "luguden saksofon" a kan takarda na duba, ido bai karɓa ba.

Ɗaliba a Legon:
Kawu, akwai abin da ba a taɓo ba. Wani lokaci ba mai busa kaɗai ke ninkawa ba, mai ganga da mai babbar garayar jaz (bes) su ma sukan shiga, kiɗa ya yi kamar ya tashi da gudu alhali zagayen piyano na nan da tsawonsa. Wani lokacin kuma kowa da kowa ya ninka saurin da gaske. Abu uku ke nan, Turawan ma suna rikita su. In ka ce "ninkin sauti" bai nuna wa ya ninka ba. "Ninkin busa" ya nuna: busa ce ta ninku, kiɗa na nan. Gobe in ka zo na biyun sai ka ce "ninkin kiɗa".

Malamin Hausa, Ankara:
"Ninkin kiɗa" zai haɗe na biyu da na uku, ban yarda da shi ba. "Ninkin busa" kuwa ginin kalmar daidai ne, ko da yake nawa ya fi faɗi, don mai piyano ma yana yi kuma shi ba busawa yake ba. In dai ba dabul ba ce, a je a haka.

Mai Busa, Aboabo:
Na gode ƙwarai. A takarda zan sa "ninkin busa", a ƙarƙashinsa in rubuta: yatsu su ninka, ƙafa ta zauna. Da baki kuma turmin Baba zan kawo musu, da yaron Hajiya mai zuwa masallaci. Sauran biyun a bar su sai yaran sun kai can.

Ɗan Asawase:
Ka rubuta abin da ka so, Malam, ranar Asabar dabul za ka ji suna cewa.

Tsohon Makaɗi, Sabon Zango:
Ninkin busa sunan takarda ne, ban ƙi ba. Amma ɗana, ka sa lugude ko da a gefen shafi ne da ƙananan baƙaƙe. In Allah ya kai mu wata mai zuwa ina da biki a Kumasi, zan biyo Aboabo da kalanguna in kaɗa musu su ji.