Tace EV daga jini don neman alamun ciwon dajin hanta: siram ko filasma?

Ummu_Khalil: Salam ƴan'uwa. Muna shirin auna miRNA (gajerun guntayen RNA masu daidaita aikin ƙwayoyin gado) a cikin EV, wato ƙananan ƙunshin da ƙwayoyin halitta ke saki cikin jini, a masu ciwon dajin hanta. Siram (ruwan da ke saura bayan jini ya daskare) ɗin da ke ajiye a firiza zai yi, ko sai an ɗebi sabon jini?

Baban_Sadiq: Wa alaikis salam, Malama. Ki bar siram. Yayin da jini ke daskarewa, filatilet, wato ƙwayoyin da ke daskarar da jini, na zubo nasu EV masu ɗimbin yawa, su danne ɗan abin da ƙarin dajin ya saki. A ɗebi jini da allura 21G, a zubar da mil 2 na farko, sauran a sa a kwalbar sitiret ko EDTA, sinadaran hana jini daskarewa. Ban da hefarin, shi ma yana hana daskarewa amma yana hana PCR, gwajin ninka DNA da za a auna miRNA da shi, aiki. Kafin awa biyu a juya shi a injin sentirifuj da ƙarfin 2,500 g na minti 15, a kwashe filasma (ruwan jinin da bai daskare ba) a bar rabin santimita saman farin layin fararen ƙwayoyi da filatilet, a sake juyawa haka. Kada jinin ya shiga firji kafin juyi, sanyi na tayar da filatilet. Sai a rarraba a ƙananan kwalabe a -80°C, domin narkewa da sake daskarewa na fasa EV.

Dakta_Hauwa: Ƙari a kan bayanin Malam: jinin da jajayen ƙwayoyinsa suka fashe cike yake da miRNA irin su miR-451a da miR-16, waɗanda ke ɓata sakamako. Ki auna hasken da kowane samfuri ke sha a 414 nm don gano fashewar, wanda ya yi ja ki ware. A wajenmu kuma dole ki rubuta mai sikila da mai maleriya, duka biyun na ƙara EV na jajayen ƙwayoyi. Rukunin kwatancenki ya haɗa da masu hepatitis B da masu taurin hanta, ba lafiyayyu kaɗai ba, in ba haka ba cutar hanta za ki gano, ba daji ba.

Baban_Sadiq: Wajen tacewa, juyi a 100,000 g kaɗai na taho da lipoprotein (ƙunshin kitsen jini) da furotin albumin tare da EV. Ki bi da ginshiƙin Sepharose CL-2B, wato bututun da ke rarrabe abubuwa bisa girmansu. Ki nuna furotin ɗin da ke shaida EV, wato CD63, CD81 da TSG101, ki duba ApoA1 da ApoB, alamun lipoprotein, don sanin gurɓata, kamar yadda ƙa'idojin binciken EV na MISEV2023 suka tanada. CD9 kuwa, wata alamar EV, kada ya ruɗe ki, filatilet na ɗauke da shi sosai, sai ki haɗa da CD41, alamar filatilet.

Ummu_Khalil: Na gode, Allah ya saka. Za mu fara da sabon filasma a EDTA.